Ragon Injin Alhaji Sale

Ku da kuke tsayawa a ƙofar garejina a nan unguwar Oloumi ta Libreville, kowa da waya a hannu, kuna nuna mini wani Bature cikin rumfa fes-fes yana cire inji ya ɗora wani kafin shayi ya huce, ku nemi wuri ku zauna. Ni ne Mamman ɗan Maradi, wanda iyayenku ke kira Mai Ragon Inji. Kada ku wani sunkuyar da kai, na san kun ji sunan a gida, na kuma san kun yi dariya. Shekara goma sha ɗaya ina amsa shi, kuma ba wanda ya jawo mini shi sai hannuna na dama da kile mai lamba goma. Sunan nan shi ya tsaya tsakanin wani mutum da kabarinsa, shi ya sa ban taɓa musa shi ba. Yau zan faɗi yadda aka yi, don na gaji da jin kuna cewa sauya inji noti huɗu ne da waya biyu.

Aikin farko da aka ba ni a garejin maigidana Malam Isufu, can Maradi, wankin noti ne. Wata bakwai ina durƙushe gaban bokitin kananzir, yatsuna suka yi fari suka tsattsage. Yana kwance ƙarƙashin mota sai ya miƙo hannu ya ce, "Sha uku." In na tsaya dubawa da ido, ya ce makaho ya fi ni amfani. Dole yatsa ya san noti cikin bokiti ba tare da an leƙa ba. In na miƙa masa sha huɗu, sai ya wulla shi bayan katanga, in je in nemo cikin ƙaya. Ku kuwa yau mutum ya riƙe kile sau biyu, wato abin da mutanen Kano ke ce wa sifana, sai ya je a buga masa kati a rubuta injiniya a ƙasan sunansa.

Amma abin da ya fi ba ni haushi a wurin Malam Isufu ba bokitin ba ne, wata ɗabi'a ce tasa. In aka kawo mota gyara, in dai tana iya motsi, ba ya taɓa ta sai ya sa ni na shiga gefen direbanta mun yi yini guda muna yawo. In na dawo sai ya tsare ni da tambaya. Ina yake ajiye ƙafarsa ta hagu? Yana jira inji ya yi kuka kafin ya sauya giya? A ina yake ɗaure kaya? Ni a lokacin gani nake tsohon nan ɓata mini rana kawai yake yi. Sai ya ce, "Mamman, ba mota kaɗai aka kawo maka ba, har da mai tuƙa ta. In ka gyara ƙarfe ba ka ga mutumin ba, rabin aiki ka yi." Na ce to, na ɗauka na ji.

Da na sauka Libreville, abin da na fara koya shi ne tsatsa. A gida noti yakan yi tauri, ka sa ƙarfi ya kwance. A nan ruwan sama da iskar teku sukan haɗa noti da ƙarfen da yake kai su zama abu ɗaya. Sai ka jiƙa shi da mai kwana uku, ka gasa shi da wuta har ya yi ja, ka ɗan bubbuga, ka lallashe shi. Mai gaggawa karyawa yake yi, in kuwa ya karye a cikin jikin inji, sai ka yi yini biyu kana haƙo shi. Kayan aikin da na zo da su cikin buhu har yau su ne a bangon nan: kile goma sha biyu, guduma biyu, magagari, da wata ƙotar fartanya da nake kafa wa inji in sa kunne a ɗaya bakin. Wannan ƙotar da kuke yi wa dariya ta gaya mini abin da na'urarku ba ta taɓa gaya muku ba.

Na tuna wani mai taksi ɗan Damagaram da ya kawo mini motarsa sau uku cikin damina ɗaya, kuloci na ƙonewa. Ya ce kayan jabu nake sa masa, ya je tasha ya faɗa kowa ya ji. Na rufe gareji na shiga gaban motarsa, muka yi ta kai da komowa tsakanin unguwar Lalala da kasuwa. Ashe malamin ƙafarsa ba ta sauka daga kan kuloci, a kai yake hutar da ita, har yana kaɗa ta in rediyo ya sa kiɗa. Na ɗaura masa guntun katako a gefe, na ce ga matashin ƙafarka. Bai sake dawowa ba, bai kuma koma tasha ya wanke ni ba, haka masu mota suke. Na kawo wannan ne don ku san ba mantawa na yi da koyarwar Malam Isufu ba. Ina sane da ita sarai, ranar da babban aiki ya zo ne na ga kamar na wuce ta.

Babban aikin wata tarakta ce, a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, aka kawo mini ita, a mace. Ta Alhaji Sale ce, mai sayar da siminti da yashi a Lalala. Ya saye ta tun da daɗewa a hannun wasu Turawan katako da suka tattara suka tafi, kuma ko a lokacin tsohuwa ce. Ba noma take yi ba, yo wa ke noma da tarakta a garin nan? Aikinta janyo kamiyoyin Alhaji in sun kafe a hanyoyin Angondjé, inda ake ta sababbin gine-gine, hanya kuwa babu sai jar laka. Injinta mai silinda uku ya gaji ya tsaya, aka yar da ita bayan shagon Alhaji damina biyu, ba wanda ya tuna ya kifa ko gwangwani a bakin salansa. Ruwa ya shiga ya cika ta. Da na buɗe kan injin, fistin ukun sun manne, tururuwa sun yi gida a lagireto, ciyawa ta fito ta tsakiyar kujera.

Mutum biyu suka rako ta. Alhaji Sale yana gaba yana magana, direbanta Garba yana biye da shi a baya. Garba mutumin Tasawa ne, a gida amalanken shanu yake kora, ya zo nan ya hau taraktar nan ya shekara ashirin a kanta. Shi ne kuma ladanin ƙaramin masallacinmu na Lalala, don haka kullum cikin farar riga yake aiki, daga kan tarakta sai alwala sai kiran salla. Ban taɓa ganin mutumin da ke yini cikin laka ya koma gida ba ɗigo a rigarsa ba sai shi. Tun da taraktar ta mutu baro yake turawa a shagon Alhaji, ga mata ga 'ya'ya biyar a ɗaki biyu.

Alhaji ya daki murfin injin da tafin hannu ya ce, "Mamman, wannan tsohon injin ko ya tashi ba na so. Da an ɗaura masa kaya mai nauyi sai ya yi tari ya mutu. Sa mata babba, wanda in ya ja kamiyo, kamiyon zai san an ja shi."

Garba ya ce a hankali, "Alhaji, da an samo mata irin nata. Mun saba da juna."

"Kai da ita kun saba da lalaci," in ji Alhaji. "Mamman, za ka iya, ko in kai wa 'yan Kamaru?"

Na ce zan iya. Wallahi da daɗi na faɗa, don na daɗe ina neman aikin da zai sa a san ni a Oloumi. Ban tambayi Garba komai ba. Na ce wa kaina abu a mace yake, wane tuƙi zan kalla? Ga mutumin tsaye a gabana da bakinsa, kofin shayi ɗaya ya isa ya gaya mini yadda yake aiki, amma idona na kan ƙarfe.

Injin na samo shi a jikin wata motar katako da ta faɗi aka watsar, mai silinda shida, lafiyayye. To a nan ne Baturenku na waya yake yanke hoton ya tsallake. Irin waɗannan tsofaffin taraktoci ba su da ƙashin baya kamar mota. Injin kansa shi ne ƙashin, shi ke riƙe gaba da baya. In ka cire shi tarakta ta rabu biyu, kowane ɓangare yana neman ya faɗo maka a ƙafa. Na tokare ta da kututturan icen okume, na jera sabon injin, sai ga shi ko rami ɗaya na bakinsa bai dace da na akwatin giya ba. Dole a ƙera farantin ƙarfe da zai shiga tsakani, ya ɗauki ramukan wannan ya ɗauki na wancan. Da kwalin sabulu na fara zana shi, ina bubbugawa da ƙaramar guduma har bakin ƙarfen ya fito a jikin kwalin. Faranti uku na lalata. Na farko ya kauce da kaurin farce, abin da ido ba ya gani, amma da an tayar da inji zai cinye kuloci cikin mako guda. Na kai aikin wurin wani tsoho ɗan Togo mai injin feƙe ƙarfe, muka yi kwana tara muna ragewa muna gwadawa, yana zagina da Faransanci ina rama masa da Hausa.

Bayan nan sai komai ya gajarce. Sabon injin ya fi na da tsawo da taƙi biyu, don haka murfi bai kai ba, sandar sitiyari ba ta kai ba, bututun mai bai kai ba. Kowanne sai an yanke, an ƙara, an yi walda, an goge. Na sa mata dogayen ƙarafa biyu a gefe don su taya injin ɗaukar nauyi. Na ba ta lagireton kamiyo. Na kankare tsatsa har na ga farin ƙarfe, na shafa mata jan fenti irin nata na asali, don a ƙarƙashin kujera na sami inda rana ba ta ci launin ba. Wata biyar cur. Na kuma duba gaban, na ga sabon injin ya fi tsohon nauyi nesa ba kusa ba, na ce madalla, wannan hancin ba abin da zai ɗaga shi daga ƙasa. Ku riƙe wannan maganar, ban taɓa yin wautar da ta kai ta ba.

Ranar da na tayar da ita, masu walda da masu fenti na layin nan duk suka bar aiki suka zo kallo. Alhaji ya rungume ni a gaban mutane. Garba ya zagaya ta sau biyu, ya shafa sitiyarin, ya ce, "Muryarta ta sauya." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Juma'a ta uku bayan haka, an sauko daga masallaci, aka aiko cewa kamiyon siminti ya nutse a Angondjé har ciki. Na bi su a taksi, ba don komai ba sai don in ga aikina yana ja, in ji ana yabo. An yi ruwa tun safe. Direban kamiyon ya shiga laka ya ɗaura sarƙa a gaban motarsa, ya wullo wa Garba ɗaya bakin. Ku saurara nan, don ba ya cikin bidiyonku. Tarakta tana da wurin ɗaura kaya a ƙasa, can ƙarƙashin cikinta, ƙasa da tsakiyar tayoyin baya. In ka ja daga nan, nauyin danne gaban yake yi. Akwai kuma wata ƙugiya a sama, bayan kujera, wadda aka yi don riƙe garma, ba don ja ba. In ka ja daga can, kai da kanka kake ɗaga gaban. Ranar nan wurin ƙasan ya nutse cikin laka, sai an durƙusa an tona da hannu. Garba yana tsaye cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya miƙa hannu ya rataya sarƙar a ƙugiyar sama, kamar mai rataya hula a ƙusa.

Ina nesa kaɗan. Kafin in buɗe baki ya riga ya hau ya saki kuloci.

Shekara ashirin haka yake ɗaurawa. Haka duk mutanenmu da suka taso da amalanke suke ɗaurawa, a tsaye, inda hannu ya kai. Shekara ashirin kuma ba abin da ya same shi, don tsohon injin nan da Alhaji ke zagi, da kaya sun yi nauyi sai ya mutu kafin gaba ya tashi. Lalacinsa ne ke tsaron Garba, ba wanda ya sani, har da Garban. Nawa injin bai mutu ba. Kamiyon bai motsa ba, tayoyin baya suka kama ƙasa, hancin nan mai nauyi da na yi alfahari da shi ya tashi sama kamar akuya ta hango ganye. Garba ya zame baya, ƙafarsa ta bar kuloci. Kafin a ce innalillahi taraktar ta kifa ta baya.

Allah ya sa ya faɗa gefe, kuma lakar mai taushi ce. Ƙarfen da ke rufe taya ya danne masa gwiwar hagu ya nutsar da ita. Mu takwas muka ɗaga, da hannu muka tono shi. Sitiyarin ya shige ƙasa daidai inda ƙirjinsa zai kasance da bai zame ba. Na tsorata irin tsoron da ban taɓa yi ba.

Wata uku ya yi yana jinya, ni kuma na miƙe abin da ya lanƙwashe. Mutane suka ce tsautsayi ne, Alhaji ya ce hanya ce ba ta da kyau. Ba wanda ya ce injin Mamman, don injin ya nuna ƙarfi, ƙarfin kuwa shi aka nema. Garba ya dawo yana ɗingishi kaɗan. Na zaunar da shi na zana masa a ƙasa da tsinke, ga sama, ga ƙasa, ga abin da ke faruwa. Ya ce ya gane, ya yi mini alkawari. Wannan karon dai na yi abin da Malam Isufu ya koya mini, na hau gefensa muka yi yini. Da aka zo ɗaura sarƙa, ya dube ni, ya tattare rigarsa, ya durƙusa cikin lakar. Ya ɗaura a ƙasa daidai. Sai tashi ya gagara. Gwiwar ta ƙi, laka na zame masa, ya kama taya ya faɗi, ya sake kamawa. Sai da na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi.

Muna tsaye yana haki, ya ce, "Mamman, don Allah kada Alhaji ya ji."

Ba sai ya ƙara ba. Alhaji Sale ba mugu ba ne, amma ba ya ajiye ma'aikacin da ba ya iya sunkuyawa. Na ga ya sallami mai dakon siminti saboda ciwon baya, da buhun shinkafa da addu'a. Garba ya haura hamsin, ba takardar tuƙa taksi, ba ƙafar tura baro. In ya sauka daga taraktar nan ya sauka daga abinci. In kuma ya zauna a kanta, ranar da ba kowa kusa a sama zai rataya, ga ƙafar kulocin ma yanzu ta yi nauyi. Ko yunwa ko kabari, kuma ni na kawo shi nan.

Na san abin da ke bakinku, don duk mai wayar da ya ji labarin nan abin da yake faɗa ke nan. A yanke ƙugiyar sama mana! Na yanke, ranku ya daɗe. Bayan mako biyu na iske ya naɗa sarƙa a gindin kujera, wanda ya fi ƙugiyar ma bisa. To a ɗaura sarƙa ta dindindin a ƙasa, a rataye bakinta inda hannu zai kai! Na yi wannan ma, har da walda. Ɓarayin ƙarfe suka yanke ta a wurin gini, na sa wata, suka sake yankewa, ta uku ta karye a bakin waldar. Kuma duk ranar da babu ita, direba ya wullo tasa igiyar, hannun Garba sama yake zuwa da kansa. Ku dai gani kuke ku kuka fara tunani a duniya.

Wata Lahadi na ce wa Alhaji zan sauya mata mai, na kai taraktar wani fili a bayan Oloumi inda akwai kututturen mangwaro da ba abin da ke motsa shi. A jikin famfon da ke ba inji gazuwal, wato man dizal, akwai wani ɗan sukuru, bai kai ƙaramin yatsa ba, shi ke faɗin iyakar man da inji zai sha in an matsa masa. Na naɗa sarƙa a gindin kujera daidai yadda Garba ke yi, ɗaya bakin a kututturen. Na hau, na saki kuloci a hankali. Gaba ya tashi, na taka. Na sauka na juya sukurun kwata, na sake hawa. Ya tashi, na taka. Sau tara na hau na sauka, rigata ta jiƙe sharkaf. A na ƙarshe tayoyin gaba suka yi sauƙi, suka ɗan yi rawa a kan ƙasa, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Na sake gwadawa sau uku da fizga, yadda mai haushi zai yi. Ya mutu sau uku. Na ɗaure notin da ke riƙe sukurun, na zura waya na matse ta da dalma. Giya ta ɗaya kuma na toshe ta da guntun ƙarfe daga ciki, don da ita ko ragon inji yana iya kifar da tarakta. Aikin wata biyar na kashe da kile mai lamba goma, kafin la'asar na mayar da ita.

Ba a yi mako biyu ba Alhaji ya dira garejin nan, a gaban masu jiran gyara.

"Mamman, me ka sa mini? Silinda shida, ga ƙara har Akanda ana ji, amma in za a ja kamiyo sai an sauke rabin siminti tukuna? Giya ta ɗaya ma ta ƙi shiga!"

Na ce faɗuwar ce ta taɓa shi, iyakar abin da zai iya ke nan. Na kuma gaya masa duk wanda ya taɓa famfon nan, haƙoran giyar baya za su zube, kuma babu irinsu a ƙasar nan. Rabin wannan gaskiya ne.

Ya ce, "To ai ragon inji ka ɗora mini."

Wani mai fenti ya ƙyalƙyale da dariya, suna ya zauna. Tsoron asara ya hana Alhaji kai ta wani wuri, amma bai hana bakinsa ba.

Shekarar nan ban ga babban aiki ko ɗaya ba. Masu kamiyo da suka yi mini layi bayan sun ga taraktar ta tashi, duk suka koma wurin 'yan Kamaru. Na koma gyaran janareta da injin markaɗe. Mutumin da ya fitar da faranti daga kwalin sabulu, ga shi yana ɗaure ƙafar baro. In na shigo masallaci sai wani ya yi tari sau biyu irin na injin, sahu ya ɗauki murmushi. Na ji haushi, kada ku ce ban ji ba. Akwai ranar da na zura kilen a aljihu na shiga taksi zan je in buɗe sukurun, a san ni wane ne. Na kai rabin hanya na ce a sauke ni, na dawo da ƙafa. Kullum da magariba muryar Garba tana fitowa daga lasifika, ni kaɗai na san abin da nake saurare.

Shekara uku da suka wuce Nasiru ya zo, babban ɗan Alhaji. A nan aka haife shi, ya yi karatun Faransanci har ya ƙoshi, ya karɓi kula da motocin ubansa. Ya shigo da farin takalmi yana tsallake mai a ƙasa, ya kafa mini waya a hanci.

"Tonton Mamman, na gano matsalar. An shaƙe famfon ne. Ga shi a bidiyo, sukuru ɗaya ne, minti biyar. Ban san wane jahili ne ya ɗaure shi da dalma ba."

Na ce, "Ga jahilin a gabanka. Kuma bar kira na tonton da Faransanci, baba ake ce mini."

Na ajiye abin da nake yi na gaya masa duka, kamar yadda nake gaya muku. Ina faɗa ina sane da cewa abincin Garba nake sawa a hannun mutumin da bai taɓa ɗaga abin da ya fi waya nauyi ba. Ya kawo maganar ƙugiya, na ba shi amsa. Ya kawo ta sarƙa, na ba shi amsa. Sai na ciro kilen daga bango na ajiye a gabansa. Na ce, "Ga shi, juyi biyu da kwata ne. Je ka buɗe, ubanka ya yi maka kirari. Amma daga gobe duk inda Garba zai ja mota, kai za ka durƙusa da wannan takalmin ka ɗaura masa. Ko kuma ka je ka gaya wa Alhaji, a sallame shi kafin la'asar. Zaɓi ɗaya."

Ya daɗe yana kallon kilen. Ya tafi bai ɗauka ba, bai yi sallama ba. Kwana huɗu ina jiran in ji an sallami Garba. A na biyar Alhaji ya biyo ta nan, Nasiru na tuƙa shi. Ya sauke gilashi ya ce, "Mamman, ka ji wannan? Ya cika mini baki zai gyara ragonka da wayarsa. Kai Nasiru, maimaita masa abin da ka ce mini."

Nasiru yana kallon sitiyari ya ce, "Na duba, Papa. Ban iya ba."

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya, ya ce duk karatun nan a banza. Nasiru ya haɗiye, bai ɗago ba. A cikin sa'anninku duka, shi kaɗai nake bari ya taɓa kayan aikina.

Abin da ya sa nake faɗa yanzu, ko ta kai kunnen Alhaji ba wanda zai sallama. Watan jiya Garba ya ajiye aiki don kansa. Manyan 'ya'yansa sun kama sana'a, ya ce zai koma Tasawa ya ga gonar ubansa tun yana iya takawa. Nasiru ya samo sabon direba, na hau gefensa yini uku, na ga yana durƙusawa ya ɗaura a ƙasa ko da ya ɗauka na juya baya. Na cire ƙarfen da ke cikin giya. Ranar da za a miƙa masa taraktar, a bayan shagon Alhaji, na zo da kile da filaya. Na yanke wayar, dalmar ta faɗi ƙasa, na mayar da sukurun inda yake tun farko. Aka ɗaura mata kamiyo cike da yashi, ta ja shi ko tari ba ta yi ba.

Alhaji ya riƙe baki. Ya ce, "Ikon Allah! Mamman, sai yanzu ka koyi aiki? Shekara goma sha ɗaya!"

Na ce, "Sai yanzu, Alhaji."

Ana ta dariya, Garba ya matso da ɗingishinsa, cikin farar rigar tafiya. Ya tsaya yana kallon ƙasa kusa da ƙafata. Ya ce a hankali, "Mamman, ɗauko mini wannan. Ka san ba na iya sunkuyawa."

Na ɗauko dalmar, ta yi baƙi ƙirin da mai. Na ce me zai yi da ita?

Ya ce, "Kullum da safe, kafin in tayar da inji, sai na leƙa na ga tana nan. Da akwai ranar da ban gan ta ba, da ban hau ba."

Ban taɓa gaya masa ba, ko sau ɗaya. Ya karɓa ya jefa ta a aljihun gaba, ya kama hannuna ya riƙe. Kafin ya saki, man ya riga ya huda aljihun ya yi baƙin tabo a farar rigar. Ya duba, bai goge ba. Ya juya ya nufi bakin titi neman taksi, da ƙafafunsa biyu.